Aljihun Koci da Wuƙar Umma

Ku yi mini afuwa tun kafin ku fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, ko yanzu ma biron santsi yake yi a hannuna saboda zufa. In kun ga inda na yi tuntuɓe, ku tsallake kamar ba ku gani ba. Labarin wata yarinya ne da ake kira Auta, da mahaifiyarta, da wata inuwa.

Inuwar tana bakin ƙofar filin wasa, ƙarƙashin rumfar kwano da aka kafa don masu sayen tikiti. A nan Umman Auta take ajiye teburinta tun Auta tana goye a baya. Lemo take sayarwa, da gwaiba, da kankana, da karas, da gwanda in lokacinta ya yi. Tana da wata 'yar wuƙa mai ƙotar katako wadda bakinta ya sirance saboda yawan wasawa, da ita take fere lemo. Ɓawon yakan fita zare guda, a murɗe, ba ya tsinkewa, sannan ta bar wa lemon 'yar hula a ka. Duk unguwar babu mai irin wannan fira sai ita.

Auta ta tashi tana leƙen masu gudu ta tsakanin ƙarafan ƙofa, har ta girma ta shiga ƙungiyar 'yan mata. Ba ta da surutu, ba ta da ƙawaye da yawa, amma in aka zo tseren miƙa sanda ita ake ba wa zagayen ƙarshe.

Ana nan sai aka kawo sabon koci. Dogo ne, mai usur a wuya, da wata shuɗiyar jaket mai tambarin ƙungiya a ƙirji, wadda ba ya rabuwa da ita sai in zai shiga banɗaki. Ranar da ya fara aiki ya tara 'yan matan a gindin tankin ruwa, ya raba tuffa gida biyu, ya fasa wani kafso rawaya ya barbaɗa garin a kan ɓari ɗaya. Ya yi ta zuba musu bayani har ɗaya ɓarin ya yi ja-ja-ja kamar tsohon kwano.

"Kun ga wannan? Tsatsa ce!" in ji shi. "Duk lokacin da kuka yi gudu, haka naman jikinku yake yi daga ciki. Wannan kuwa da na barbaɗa wa magani, ku duba, fari tas. Sunan abin antiyoksidan." Yana faɗin kalmar yana lumshe ido kamar mai tauna tsoka. "Shi ke kare jiki daga tsatsar nan. Kafso ɗaya ya fi buhun lemo."

Auta ba ta yi niyyar magana ba, bakinta ne ya suɓuce. Ta ce, "Koci, ai Ummata ma in ta matsa lemon tsami a kan tuffa ba ta yin ja."

'Yan matan suka kwashe da dariya. Koci bai yi ba. Ya dube ta tun daga takalmi har ɗankwali, ya tambayi wace ce Umman tata. Kyaftin, wato shugabar 'yan gudun, wata doguwar yarinya mai son a san da ita, ta nuna bakin ƙofa da leɓe.

Washegari da hantsi, a gaban 'yan mata da masu wucewa, Koci ya tsaya kan teburin Umma yana toshe hanci. Ya ce kayan ƙudaje ne, su ke ɓata wa 'yan wasansa ciki. Ya ce filin wasa ba kasuwar awaki ba ce da za a riƙa jibge ganye da ɓawo. Ya sa Baba maigadi ya ja teburin. Wata kankana ta gangaro ta fashe a ƙasa, Umma ta durƙusa tana tsince jan da hannu tana cewa, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe, yanzu zan share." Wannan durƙuson ne ya tsaya wa Auta a maƙogwaro. Ko ruwa ta sha sai ta ji shi.

Umma ta koma tsallaken titi, jikin turken wutar lantarki, kusa da kwata. Babu inuwa a wurin sai ta turken, siririya kamar sanda, ita ma tana yawo. Kafin azahar kankana ta yi laushi, ƙurar motoci ta rufe gwanda, Umma kuma ta koma gida idanunta jawur da ciwon kai.

"Wallahi sai na rama miki," in ji Auta, tana shafa mata man zafi a goshi.

"Ki rama da me, 'yar nan? Da waɗannan ƙafafun naki kamar tsinken tsire? Rana ce fa, ba wuta ba. Ki yi gudunki kawai."

"Durƙusa masa fa kika yi, Umma."

"Kankanata na durƙusa wa. Danna nan gefen, ya fi ciwo."

A cikin fili kuwa Koci ya kafa wata al'ada da ake kira layin kafso. Da an tashi daga atisaye sai 'yan mata su jeru, kowacce ta buɗe tafin hannu, ya zuba mata rawayen kafso daga kwalba, waɗanda iyayensu ke saye a wurinsa. Shi ke farawa. Ya zuba nasa a hannu, ya watsa a baki, ya kora da ruwa, ya bugi ƙirji. Sannan ya bi layi ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Buɗe baki. Ɗaga harshe." Wasu 'yan matan har suka daina karyawa da safe, wai me za a yi da abinci bayan an haɗiye buhun lemo, ga shi jiki zai yi sakayau.

Auta ta ɓoye nata a kumatu sau ɗaya, sau biyu, rannan ya kama ta.

"Au, akuyar ba ta son magani, ganye take so?" in ji shi. "To je ki ci ganye. Daga yau ba ki cikin masu miƙa sanda. Ke ce mai ɗebo ruwa, ke ce mai sharar ofis."

Da yamma ta ɗaure kafso ɗaya a gefen mayafi ta nufi kemis ɗin bakin kasuwa. Matar da ke wurin ta san magani, ba irin masu miƙowa kawai ba ce. Ta juya kafson a tafin hannu, ta sa Auta ta faɗi abin da ke rubuce a jikin kwalbar.

"Anti, guba ce ko?" in ji Auta, zuciyarta cike da fata.

"Guba kuma? A'a. Sinadaran da ke cikin lemo da ganye da gyaɗa ne aka tattara aka cusa da yawa. Wanda likita ya auna ya ga yana da ƙarancinsu, yana yi masa amfani."

"Mai lafiya fa, mai gudu?"

"Mai lafiya da ke cin abincinsa da kayan lambu, yawanci ya wadatu. A abinci suna zuwa kaɗan-kaɗan, tare da 'yan uwansu, jiki ya ɗauki abin da yake so. In aka yi ta ɗura masu yawa haka, musamman ciki babu komai, wani ya sami ƙwannafi, wani gudawa. Kuma akwai binciken da ya nuna yawansu yana iya rage ribar atisaye, don da 'yar wahalar nan da jiki ke sha yake koyon ƙarfi."

"Amma ba ya kisa?"

Matar ta sauke tabarau ta dube ta. "Ke, wa kike so a kama?"

Auta ta yi godiya ta fita ranta a ɓace. Ta so a ce guba ce, ta so ta ga an tasa ƙeyar Koci da ankwa, usur ɗinsa yana lilo. Maganar rage ribar atisaye kuwa, wa zai saurare ta daga bakin mai ɗebo ruwa?

Sharar ofis ce ta ba ta abin da kemis bai ba ta ba. Ofishin ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matattakalar 'yan kallo, da tebur mai ƙafa ɗaya gajera, da katan-katan na kwalabe, da ƙusa a bayan ƙofa inda ake rataye jaket. Wata safiya ta ɗaga kwandon shara, tsohuwar jaridar da aka rufe shi da ita ta zame. A ƙasa ta ga ɓawon lemo, zare guda, a murɗe, bai tsinke ba. Ga 'yar hular a gefe. Ga ragowar gwaiba da aka gatsa, ga kan karas.

Ta gane firar Ummanta ce. Sannan ta nufi bencin Baba maigadi, ta ɗaga ɓawon a gaban hancinsa yana lilo.

"Baba, yaushe haƙoranka suka dawo har kake cin karas?"

Tsohon ya dubi hagu ya dubi dama. "Ni ban ce komai ba, jikata."

"Ai ban ce ka ce ba."

"Ni dai aike ne nawa. Kullum da sassafe a ba ni baƙar leda, a ce in tsallaka titi, kada in ce na wane ne. In mutum ya ce maganin nan yana ƙona masa ciki tun yana saurayi, ina ruwana? Ni ban ce komai ba."

To in ba ya sha, ina kafson da yake watsawa a baki kullum suke zuwa? Tunda ita ke miƙa masa kofin ruwa a layin kafso, ta fi kowa kusa da shi. Ta daina kallon bakinsa, ta koma kallon hannunsa. Hannun yana tashi a dunƙule, ya taɓa leɓe, kai ya koma baya, maƙogwaro ya motsa da ruwa zalla. Sai ya bugi ƙirji da hagu, idon kowa ya bi can, dama kuma ta sulale cikin aljihun jaket ta fito a buɗe. Sai a ƙarshen mako, in kowa ya watse, yake juye aljihun cikin kwalba ya mayar da murfi. Nan Auta ta gane dalilin da ya sa wani lokaci kafson da ake zuba wa 'yan mata yake zuwa da ɗan zare shuɗi manne a jiki.

Ba ta gaya wa kowa ba, ko Umma. Ta riƙe abin a ciki tana juya shi kamar alewa. In ta faɗa da baki zai ƙaryata, ya ce sharrin 'yar mai tebur ne. Ba ta so a ji labari. So take a gani, kuma a gani a gaban mutane, kamar yadda aka ga Umma a durƙushe.

Ranar iyaye ta faɗo a ƙarshen mako. Rana ce da ake gayyatar iyayen 'yan wasa da Shugabar ƙungiya, wata dattijuwa da ta yi gudu a zamaninta, su zauna a rumfar 'yan kallo su ga abin da ake koya wa 'ya'yansu. Koci ya riga ya sanar cewa shi da kansa zai zagaya fili a guje, don iyaye su ga abin da kafso ke yi wa mai furfura.

Da safen nan, Umma tana ɗaure buhun lemo, Auta ta zare 'yar wuƙar fira daga cikin tsumma ta soke a safa. Ta isa fili ta ɗauki tsintsiya. Koci ya rataye jaket ya shiga banɗaki yana waƙa. Ta laluba aljihun dama, ta ji shi da nauyi, yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Ta juya shi ta ciki. Ba ta farke shi duka ba, don da kafson ya zube tun a ofis. Ɗinkin kusurwa ta bi, ta tsinke zare ta tsallake zare, ta bar 'yar kafa wadda tafiya ba za ta buɗe ba sai jijjiga. Ta mayar da wuƙar cikin safa.

Sai rana ta so ta ɓata mata shiri. Kafin iyaye su gama zama zafi ya sauko, Koci ya fito daga ofis sanye da 'yar shara, riga marar hannu, ya bar jaket a ƙusa. Auta ta ajiye tsintsiya. Ta dubi tsallaken titi, ta hango Umma tana zazzage tsummokara tana neman wani abu, rana tana dukan tsakar kanta. Ta koma ofis da sauri, ta ɗauko jaket ɗin a kan hannu biyu kamar jariri, ta je gabansa ta russuna har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ga rigarka. Na ji ana cewa Shugaba ta kawo mai hoto. Kada a ɗauke ka babu tambari, a zaci wani ne."

Ya dube ta da mamaki, sannan ya yi murmushi. "Ashe akuya tana hankali in ta sha rana." Ya zura hannu ya ja zif har wuya.

Aka yi layin kafso a gaban iyaye. Ya zuba nasa, ya kai baki, ya karɓi kofi a hannun Auta, ya bugi ƙirji, iyaye suka tafa. Ya bi 'yan mata da "buɗe baki, ɗaga harshe". Sannan ya hura usur da kansa ya zabura.

Ya iya gudu, wannan ba a ƙwace masa ba. Gwiwa tana tashi, ƙirji a gaba. Ya wuce kwanar farko babu abin da ya faru, Auta ta cije leɓe har ta ji gishiri. A miƙaƙƙen layin da ke gaban rumfa ya ƙara wuta don a gani, jaket tana bugun ƙugunsa. Sai ga kafso ɗaya ya faɗo, rawaya a kan jan dandamalin gudu, ya yi tsalle. Sai na biyu. Sai kafar ta buɗe gaba ɗaya, suka riƙa zubowa a bayansa, tsul-tsul-tsul, layi guda, shi kuwa yana ɗaga wa mai hoto hannu.

Rumfa ta yi tsit. Kakar Kyaftin, wata tsohuwa mai nauyin kunne wadda ba ta san ana rage murya ba, ta ce, "Wai bawan Allahn nan lafiya? Yana tafe yana zubarwa kamar akuya!"

Dariyar da ta tashi har tsallaken titi an ji ta. Auta ba ta yi dariya ba. Ta tsaya riƙe da kofi, tana jin wani sanyi yana sauka daga maƙogwaronta zuwa ciki, daidai wurin da abin nan ya daɗe a tsaye.

Kyaftin ce ta fara fita daga layi. Ta tsinci ɗaya, ta tsinci wani, ta ɗaga su a rana. Shuɗin zare yana manne a jiki. Ta dubi tafin hannunta, ta dubi Koci da ya ƙaraso yana haki yana murmushi, bai san abin da ya bari a baya ba.

"Koci, waɗannan naka ne na kullum? Su kake mayar mana a kwalba? Ni da nake kwana da ƙwannafi, ka ce mini tsatsa ce ke fita?"

Ya shafa aljihu, yatsansa ya fito ta ƙasa. Ya fara cewa ajiya ce, na gaggawa ne, amma mahaifin Kyaftin ya riga ya miƙe, wasu iyayen suka bi shi. Shugaba ta ɗaga sandarta, kowa ya koma ya zauna. Ta sauko a hankali, ta ɗauki kwalbar daga kan tebur, ta zuba masa a hannu daidai yadda yake zuba wa yara.

"Bismilla, malam. Sha mu gani."

"Ranki ya daɗe, ai yanzu na sha."

"To ƙara. Kafso ɗaya buhun lemo ne, an ce. Wa ke ƙin lemo?"

Ya kai hannu baki. Wannan karon ido ya yi yawa, babu ƙirjin da zai buga. Ya kurɓi ruwa ya tsaya, kumatu a kumbure.

"Buɗe baki," in ji Shugaba. "Ɗaga harshe."

'Yan matan da ke layi suka amsa da murya ɗaya, har da masu tsalle, "Ɗaga harshe!"

Ya juya gefe ya tofar. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce cikinsa ba ya ɗauka, likita ya hana shi tun da daɗewa.

"Ikon Allah. To da me kake wannan gudun, da furfurarka?" in ji Shugaba.

Baba maigadi, da ya matso tun ɗazu yana leƙe, ya ce, "Ni dai ban ce komai ba," ya miƙa hannu ya nuna tsallaken titi.

Shugaba ta sa hannu a goshi ta hango turken wutar lantarki, da teburin, da matar da ke tsaye a rana. Ta tambayi abin da ya fitar da ita daga rumfar tikiti, ita da ta san ta a nan shekara da shekaru. Kyaftin ta ba da labari, ba ta rage komai ba, har da kankanar da ta fashe.

"Wanda ya sa aka fitar da teburin shi zai dawo da shi," in ji Shugaba. "Da hannunsa. Sauran maganar mu yi ta a ofis."

Haka aka tsayar da motoci, Koci ya tsallaka titi da jaket mai huda, ya kama gefe ɗaya na teburin, Baba maigadi ya kama ɗaya. Umma tana biye da su tana cewa, "A'a, ranka ya daɗe, bari in ɗauka, ai da nauyi." A bakin rumfar tikiti wata gwaiba ta gangaro ta faɗi. Umma ta sunkuya, Shugaba ta tare ta da sanda. Koci ya durƙusa ya ɗauka.

Auta ta kalli wannan durƙuson tun daga farkonsa har ƙarshensa, ba ta ƙifta ido ba.

Nan da nan mutane suka yanyame teburin, yaran da ba su karya ba suna gaba. Kowa lemo yake so, Umma kuwa tana ta laluben tsumma tana cewa, "Wuƙata fa, jama'a, tun safe nake nemanta." Can gefe Koci ya juya aljihunsa yana duban zaren, ya ga ba tsufa ne ya cinye shi ba, yanka ne mai tsabta, zare a tsinke zare a tsallake. Ya ɗago kai yana bin fuskoki da ido.

Auta ta kutsa tsakanin wasu mata biyu masu manyan mayafai, ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ta zare wuƙar daga safa ta tura ta ƙarƙashin gwanda. Umma ta ɗaga gwandar, ta ga wuƙar, ta ga ɗan shuɗin zare a bakinta. Nan ta gane. Sannan ta goge shi da gefen zane, ta ɗauki lemo ta fara fira, ɓawon yana sauka a murɗe cikin inuwa.

Kafin ta ɗago ta duba, kafin idon Koci ya iso wajen, Auta ta bi ta bayan tankin ruwa, ta ajiye kofin a kan bulo, ta fice ta wata ƙaramar ƙofa.